Andora, zangon matafiya tsakanin Faransa da Sifaniya

Andora wata 'yar ƙaramar ƙasa ce da ke maƙale cikin duwatsun Firenis, Faransa na arewa da ita Sifaniya na kudu, faɗinta duka-duka murabba'in kilomita 468 ne, mutanenta kuwa dubu tamanin da 'yan kai. Babban birninta Andorra la Vella yana sama da mita 1,000 daga matakin teku, a duk Turai babu babban birnin ƙasa da ya kai shi tudu. Ba su da filin jirgin sama, ba su da layin dogo, in za ka shiga sai ta mota, shi ya sa da yawa cikin masu zuwa 'yan kan hanya ne da suka taso daga Tulus ta Faransa ko Basalona ta Sifaniya, kowanne kusan awa uku, su yada zango su sha mai su yi sayayya su wuce.

Hanyar ma kusan guda ce. Daga ɓangaren Sifaniya ana bin garin La Seu d'Urgell a shigo ta Sant Julià de Lòria, titin ya bi gefen kogin Valira ya ratsa babban birnin, ya haura Encamp da Canillo har Pas de la Casa da ke bakin iyakar Faransa. A nan ne aikin yake, don sai an hau mashigar Envalira mai tsayin mita 2,408, kwana kan kwana, motar da birkinta ba shi da kyau gara ta zauna gida. Tun 2002 aka buɗe titin cikin dutse na kusan kilomita uku wanda ake biyan kuɗi a bi, yana rage wahala, amma fa wanda ya bi ta ciki ya yi asarar kallo. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe hanya, dole direba ya sa tayar sanyi ko ya riƙe sarƙar ɗaura wa taya.

Abin da ke tsayar da mutane dai arha ce. Harajin kayan sayarwa kashi 4.5 cikin ɗari ne kawai, alhali maƙwabta suna karɓar wajen kashi 20, to sai fetur da turare da taba da kayan lantarki suka fi sauƙi, titin Meritxell da ke babban birnin kanti ne jere da kanti har ka gaji. Sai dai kwastan na jira a bakin boda, akwai iyakar abin da mutum zai fita da shi, ranar Asabar da Lahadi layin motoci kan yi tsawo ba kaɗan ba.

Mulkin ƙasar shi ma abin a tsaya a duba ne. Tun yarjejeniyar 1278 sarakuna biyu ne a kanta, yanzu su ne shugaban Faransa da bishof na Urgell, wato babban limamin coci da ke La Seu d'Urgell a Sifaniya, ba wanda ke zaune cikin ƙasar ko ɗaya, ainihin aiki na hannun majalisa da shugaban gwamnati. Sai a 1993 suka yi tsarin mulki, a shekarar kuma suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Yaren hukuma Katalan ne, amma Sifaniyanci da Faransanci na ci a kasuwa. Suna kashe Yuro duk da ba sa cikin Tarayyar Turai, kuma ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, don haka shiga Andora fita ce daga yankin, wannan ya shafi mai fasfo irin na Najeriya ko Nijar, bizarsa ta Shengen ta kasance mai shiga fiye da sau ɗaya in ba haka ba komawa Faransa ko Sifaniya zai iya zama rigima. Layin waya na Turai ma a nan cajin data daban yake, da yawa kashe data suke yi kafin su tsallaka.

Wanda ya kwana zai iya leƙa Casa de la Vall, gidan dutse na 1580 da majalisa ta daɗe tana zama a ciki, ko wurin wankan ruwan zafi na Caldea a Escaldes, ko kwarin Madriu da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004, shi wannan da ƙafa ake shigarsa. Abincin gargajiyarsu irin su trinxat, wato kabeji da dankali da aka dame, galibi da naman alade ake haɗawa, musulmi ya tambaya kafin ya yi oda.