Death Wish II da yadda masu sharhi suka karɓe shi

Death Wish II fim ne na Amurka mai jigon ramuwar gayya, wanda aka saki a watan Fabrairun 1982 a matsayin kashi na biyu na Death Wish na 1974. Michael Winner, ɗan Birtaniya, shi ya ba da umarnin kashin farko da wannan, kamfanin Cannon na Menahem Golan da Yoram Globus kuma ya ɗauki nauyinsa. Charles Bronson, wanda a lokacin ya kai shekara 60, ya sake fitowa a matsayin Paul Kersey, mai zanen gine-gine.

Labarin ya tashi daga New York ya koma Los Angeles. Wasu 'yan daba biyar suka sace wa Kersey walat, suka ga adireshin gidansa a ciki, suka bi sawu. Suka yi wa 'yar aikinsa Rosario fyaɗe suka kashe ta, sannan suka tafi da 'yarsa Carol, wadda ba ta iya magana ba tun harin da aka kai musu a New York a kashin farko, inda aka kashe mahaifiyarta. A ƙoƙarin tserewa ta faɗo ta taga, tsinin ƙarfen shinge ya soke ta. Daga nan Kersey ya kama ɗaki mai araha a unguwar talakawa, da rana yana ofis, da dare ya ja baƙar hula ya fita farautar su ɗaya bayan ɗaya.

Masu sharhin jaridu ba su raga masa ba. Roger Ebert na Chicago Sun-Times, wanda ya ba kashin farko tauraro uku, ya hana wannan ko tauraro ɗaya, matakin da yake ajiye wa fim ɗin da ya gaza a fasaha kuma ya zama abin ƙyama ta fuskar ɗa'a. Vincent Canby na New York Times, wanda dama ya ragargaji na 1974, ya ga na biyun ya fi shi wauta da rashin imani. Abin da ya fi tsone musu ido shi ne fyaɗen Rosario: an ja shi da tsawo, kyamara ta ƙi kau da kai, har hukumar da ke ba fina-finai daraja a Amurka da hukumar tace fina-finai ta Birtaniya suka sa aka datse shi kafin a haska a silima.

Akwai wani bambanci da ya ƙara rura wutar sukar. A fim ɗin 1974 Kersey bai taɓa gano waɗanda suka kashe matarsa ba; ɓarayin titi da bai sani ba yake bindigewa, ranar da ya fara kisa ma sai da ya koma gida ya yi amai. Wannan ya bar mai kallo da tambaya a kan ɗaukar doka a hannu. A kashi na biyu babu sauran tambaya, domin an nuna fuskokin masu laifin tun farko, an kuma shirya komai don mai kallo ya yi tafi idan an kashe su. Brian Garfield, marubucin littafin 1972 da aka ɗauko labarin daga ciki, tun kashin farko yake ƙorafin an juya masa manufa, kuma ba a yi amfani da ci gaban da ya rubuta a 1975 ba.

Kiɗan fim ɗin aikin Jimmy Page ne na ƙungiyar mawaƙa ta Led Zeppelin, maƙwabcin Winner a Landan. Kiɗan ya shiga jerin takarar kiɗa mafi muni na kyautar Razzie, wadda ake ba ayyukan fim mafi muni na shekara, ko da yake magoya bayan Page ba su yarda da wannan hukunci ba.

Duk wannan suka ba ta hana mutane sayen tikiti ba. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 16 a silimomin Amurka, ya kuma ci kasuwa a kaset ɗin bidiyo. Cannon ta biyo da kashi na uku a 1985 da na huɗu a 1987, na biyar kuma ya fito a 1994, Bronson ya haura shekara 70 yana riƙe da bindigar Kersey.