Fadojin sarakunan Suwidin: tambayoyi da amsoshi

Fadar da ke tsakiyar birnin Stockholm ita ce ta asali?

A'a. A wurin da take yanzu akwai wata tsohuwar fada mai suna Tre Kronor, wato kambuna uku, wadda gobara ta cinye ranar 7 ga Mayu, 1697. Lokacin wata guda ke nan da rasuwar Sarki Karl na 11, gawarsa ma tana cikin fadar ba a binne ba, sai da aka yi ta maza aka fitar da ita. Littattafan sarki da takardun tarihin ƙasa masu yawa sun ƙone ƙurmus.

Aikin sake gini ya faɗa hannun Nicodemus Tessin ƙarami, wanda ya koyi zanen gine-gine a birnin Rum. Shi ya sa fadar ta fito kamar gidajen manyan Italiya: murabba'i mai fuska huɗu, da fili a tsakiya, da rufi shimfiɗaɗɗe, ga ɗakuna sama da 600. A ganina wajenta ba shi da fara'a, kyan yana ciki.

Me ya sa ginin ya ɗauki shekara 57?

Yaƙi ne ya cinye kuɗin. Sarki Karl na 12 ya shiga dogon yaƙi da Rasha da ƙawayenta, ya sha kashi a Poltava a 1709, aiki ya tsaya cik. Ba a koma ba sai 1727, kuma shekara guda bayan haka Tessin ya rasu. Carl Hårleman ne ya ƙawata ɗakunan da salon Faransa mai yawan lanƙwasa da ruwan zinariya. Iyalan sarauta sun tare a 1754, zamanin Sarki Adolf Fredrik. Kafin nan a fadar Wrangel suka yi zaman wucin gadi.

To a fadar Stockholm sarki yake kwana?

Can dai ofishinsa yake, can ake karɓar manyan baƙi. Tun 1981 Sarki Carl Gustaf na 16 da Sarauniya Silvia suna zaune ne a fadar Drottningholm, a wani tsibiri cikin tafkin Mälaren, yamma da birni. Sunan na nufin tsibirin sarauniya, kuma ya dace, domin mata ne suka raya wurin. Ita ma fadar farko gobara ta ci ta a 1661, sai Hedvig Eleonora, uwar Karl na 11, ta sa mahaifin Tessin ya gina sabuwa. Daga baya Sarauniya Lovisa Ulrika ta sami kyautar wani ɗan gida mai salon ƙasar Sin ranar zagayowar haihuwarta a 1753.

Abin da ya fi jan hankali shi ne gidan wasan kwaikwayo na 1766. Bayan an kashe Sarki Gustav na 3 a 1792 aka yi watsi da shi, ya koma kamar rumbun ajiya, har 1921 da aka sake gano shi. Wannan sakacin ne ya cece shi, don ba wanda ya taɓa injinan katako da ke sauya fage da kwaikwayon tsawa, kuma har yau da su ake wasa. UNESCO ta sa Drottningholm cikin kayan tarihin duniya a 1991, wuri na farko a Suwidin.

Me ya sa wata fadar mai suna Gripsholm ta fi kama da sansanin yaƙi?

Domin don tsaro aka gina ta. Sarki Gustav Vasa, wanda ya fitar da ƙasar daga ƙarƙashin sarkin Denmak, ya soma ta a 1537 da jan bulo, katanga mai kauri da hasumiyoyi masu kewaye. Ta kuma yi aikin kurkuku: Sarki Erik na 14 ya tsare ƙaninsa Johan a ciki, da Johan ya ƙwace mulki shi ma ya kulle yayan a nan. Yau hotunan fitattun mutanen ƙasar ne rataye a bangonta.

Fadojin mallakar sarki ne?

Na gwamnati ne. Sarki yana da ikon amfani da su, kuma yawancinsu a buɗe suke ga duk wanda ya yanki tikiti.