Takardar gwajin jinin tsohon doki: tambayoyin da masu barga ke yi

A Gombe akan ga ingarman da ya shekara goma sha biyar yana hawan sallah, sai ya fara ramewa ta gadon baya, ciki ya sauko, gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, ga yawan shan ruwa da fitsari. Idan likitan dabbobi ya ɗebi jini, takarda kan dawo cike da lambobi.

Mene ne ACTH da ke kan takardar?

Sinadari ne da wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Idan doki ya manyanta, wani sashe na ƙullutun kan kumbura ya riƙa zubo shi fiye da kima. Likitoci na kiran ciwon PPID ko Kushin, kuma ya fi kama dawakin da suka haura shekara 15.

Wace lamba ce ke nuna ciwo?

A ma'aunin da ƙwararrun Amurka ke bi, daga Disamba zuwa Yuni, ƙasa da 15 pg/mL da wuya a ce akwai ciwon, sama da 40 kuwa alama ce mai ƙarfi. Tsakanin biyun sai a koma a dubi dokin. A Satumba da Oktoba sai ya haura 90 kafin a yi wannan magana, domin ko lafiyayyen doki sinadarinsa kan tashi idan yini ya fara gajarta.

Sai dai an tsara waɗannan lambobi ne a ƙasashen da tsawon yini ke sauyawa sosai. Mu a nan bambancin yinin damina da na hunturu kaɗan ne. Saboda haka ni ban yarda a yanke wa dokin Gombe hukunci da lamba kaɗai ba. Kowane ɗakin gwaji ma da irin na'urarsa, iyakokin da aka buga a gefen takardar su ne abin kallo.

Sakamako kan yi ƙarya?

Sosai, kuma a nan ne tamu ta fi yawa. ACTH ba ya son zafi. Ana zuba jinin a kwalba mai murfi shunayya, a sa a ƙanƙara, a tace ruwan jinin cikin 'yan sa'o'i. Kwalbar da ta yini a aljihun direba cikin zafin Afrilu, ko ta kwana a firjin da babu wuta, za ta iya nuna lamba ƙasa alhali dokin na da ciwon. Ta ɗaya gefen kuma, tsananin zogi ko wata rashin lafiya ko sukuwa na ɗaga lambar. Kada a ɗebi jini ranar da aka sauko daga hawa.

To idan lambar ta faɗa tsakiya?

A sake bayan 'yan watanni, ko a yi gwajin TRH: a yi wa doki allurar miligiram 1 na sinadarin TRH, mai sa ƙullutun ya saki ACTH, ta jijiya, a ɗebi jini bayan minti 10 a auna ACTH.

Me ya kawo insulin cikin maganar?

Sinadari ne mai daidaita sukari a jini, kuma shi ne ke taɓa kofato. Idan ya yi yawa a jini, naman da ke riƙe da kofato kan kumbura, ka ga doki a turke ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya, ya ƙi takawa. A awon insulin, ƙasa da 20 bai nuna matsala ba amma bai kore ta ba, sama da 50 kuwa akwai matsala. Amma a hana shi gero, dawa da dusa aƙalla sa'a 4 kafin ɗibar jini, in ba haka ba abincin aka auna. Ciyawa ba ta ɓata gwajin. Mu kuwa da muke alfahari da doki mai ƙiba da kaurin wuya, irin wannan dokin ya fi shiga haɗari ko da yaro ne.

An ce T4 ɗinsa ya yi ƙasa.

T4 sinadari ne da wani ƙullutu a maƙoshi ke fitarwa, kuma ciwon wannan ƙullutu na gaske ba kasafai yake kama babban doki ba. Wata cuta ko maganin zogi irin su fenilbutazon kan saukar da T4.

Idan an tabbatar da PPID, sai me?

Ana ba da maganin fagolayid kullum har ƙarshen rai, yana danne ciwon ne, ba ya warkarwa. A sake awo bayan wata ɗaya zuwa uku don daidaita yawansa. Kafin nan likita ya duba haƙora, tsutsar ciki da ciwon kaska, domin su ma suna ramar da doki, kuma maganinsu ya fi araha.