Girman Galaksi Masu Murɗe na Rukunin Gida

Galaksi makeken garke ne na taurari da iskar gas da ƙura, wanda ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda. Suna da siffofi iri-iri, amma wanda aka fi sani shi ne mai murɗe: shimfiɗaɗɗe kamar faifai, da tozo mai haske a tsakiya, da hannuwa da suka nannaɗo daga cibiya zuwa baki, yadda mai saƙar faifai ke farawa daga tsakiya tana zagayawa. Rana da duniyarmu suna cikin irin wannan galaksi, wanda Turawa suka laƙaba wa Hanyar Madara, Larabawa kuma suke kira Darb al-Tabbana, wato hanyar masu dakon bambaro. Shi ne farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu farin wata.

Hanyar Madara tana cikin wani tari na galaksi sama da 50 da masanin taurari Edwin Hubble ya raɗa wa suna Rukunin Gida a shekarar 1936. Uku ne kawai cikakkun masu murɗe a cikinsa: Andiromeda mai lamba M31, da Hanyar Madara, da Tirayangulum mai lamba M33. Sauran ƙanana ne, yawancinsu 'yan rakiyar manyan biyun farko. A littattafan makaranta akan jera su haka: Andiromeda ce babba, Hanyar Madara ta biyu, Tirayangulum auta. Matsayin auta babu gardama a kansa. Tsakanin manyan biyun ne magana ke da tsawo, domin amsar tana bin abin da aka auna, ko faɗi, ko yawan taurari, ko nauyi.

Ma'aunin

Ana auna waɗannan tazarori da shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a cikin shekara ɗaya yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Hakan ya kai kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Hasken rana yakan iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Na Andiromeda kuwa sai ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya.

Faɗi, da matsalar inda baki yake

Birni mai ganuwa an san inda ya ƙare. Galaksi ba shi da ganuwa. Taurarinsa suna cunkushe a tsakiya, suna ta raguwa sannu a hankali har su ɓace cikin duhu, kamar garin da unguwanninsa suka bazu har suka shiga gonaki. Saboda haka masana suka yi yarjejeniya: inda hasken ya dushe zuwa wani mizani da aka ƙayyade, nan za a ɗauka a matsayin baki. Ana kiran wannan awo D25. Da shi, faɗin Andiromeda ya kai shekarun haske kusan 152,000, na Hanyar Madara kusan 87,000, na Tirayangulum kuma wajen 61,000. Adadin da ya fi yawo a bakin mutane game da Hanyar Madara, 100,000, cikon lissafi ne da aka saba da shi.

Sai dai akwai wani adadi da ake yawan gani game da Andiromeda, wato 220,000. Ya samo asali ne daga binciken da aka bayyana a 2005, inda aka yi amfani da madubin hangen nesa na Keck da ke Hawayi aka auna motsin dubban taurari masu nisa da tsakiyarta. An tarar suna zagayawa tare da faifan, ke nan su ma nasa ne, duk da haskensu bai kai mizanin D25 ba. Adadin gaskiya ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ajiye 220,000 kusa da 100,000 a ce Andiromeda ta ninka Hanyar Madara fiye da sau biyu. An auna ɗaya da tiya, an auna ɗaya da mudu. Da aka bi Hanyar Madara da irin wannan ƙwaƙƙwafi, wani bincike na 2018 ya sami taurarin faifai a nisan da ke nuna faɗinta zai iya kaiwa 200,000. In an yi awo da mudu ɗaya, Andiromeda tana nan a gaba, amma ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Auna Hanyar Madara ya fi auna Andiromeda wuya, duk da cewa a cikinta muke. Cikin nata da muke shi ne ma matsalar. Rana tana can shekarun haske kusan 26,000 daga cibiya, a tsakiyar kaurin faifan, ƙura kuma ta tare mana gani ta ɓangarori da dama. Wanda ke zaune a tsakiyar kasuwa ranar cinta ba shi zai faɗi iyakarta ba. Dole sai da aka koma ga igiyoyin rediyo da hasken infared (wani haske da ido ba ya gani), waɗanda ke ratsa ƙura, sannan ga tauraron ɗan'adam na Gaia da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a Disamban 2013, wanda ya auna matsayin taurari fiye da biliyan ɗaya.

Lokacin da aka ɗauka tamu ce babba

Faɗin galaksi ana samunsa ne daga abu biyu: girman da ya bayyana a sama, da nisansa. In nisa ya kuskure, faɗi ya kuskure. Wannan ya faru, kuma ya daɗe.

Farkon wanda ya rubuta labarin Andiromeda, a iya abin da ya iso mu, shi ne Abdurrahman al-Sufi, masanin Farisa, wanda ya siffanta ta da ɗan ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Charles Messier na Faransa ya sa ta a jerinsa a 1764. Har zuwa 1920 ana muhawara ko ita wani hazo ne a cikin Hanyar Madara, ko kuwa galaksi ce mai zaman kanta. A wannan shekarar Harlow Shapley da Heber Curtis suka yi shahararriyar muhawararsu a Washinton, Shapley yana ganin faɗin Hanyar Madara ya kai shekarun haske 300,000, babu abin da ke wajenta.

Abin da ya raba gardama wani nau'in tauraro ne mai suna Sefid, wanda haskensa ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kammala zagaye ɗaya yana bayyana ainihin ƙarfin haskensa. Wanda ya san ƙarfin fitila, ya kuma ga yadda ta dushe, zai iya lissafa nisanta. A Oktoban 1923 Hubble ya gano irin wannan tauraro a Andiromeda da madubi mai faɗin inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya lissafa nisanta kusan shekarun haske 900,000. Ta fita daga Hanyar Madara ke nan. Amma da wannan nisa faɗinta bai wuce wajen 50,000 ba, sai Hanyar Madara ta zama giwa a cikin awaki, abin da ya sa wasu masana zargin akwai lauje cikin naɗi.

Gyara ya zo ta fuska biyu. A 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haskensu, ta sa a ɗauka sun fi nisa, sai Hanyar Madara ta tsuke. A 1952 kuma Walter Baade ya bayyana cewa Sefid iri biyu ne, an cakuɗa su a lissafi. Nisan Andiromeda ya ninka, faɗinta ma ya ninka.

Yawan taurari

A nan Andiromeda ta yi fintinkau. Awon da madubin Spitzer ya yi da hasken infared a 2006 ya ba da kimanin taurari tiriliyan 1. Hanyar Madara tana da tsakanin biliyan 100 da biliyan 400, Tirayangulum kuma wajen biliyan 40. Babu wanda ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ana auna jimillar haske ne a ƙiyasta, kuma mafi yawan taurari ƙanana ne jajaye masu raunin haske, shi ya sa adadin Hanyar Madara yake da faɗi haka. Hoton Andiromeda mafi girma da madubin Hubble ya haɗa, wanda aka fitar a Janairun 2025, taurari kusan miliyan 200 ne ake iya rarrabewa a cikinsa.

Baƙin rami wuri ne mai tsananin ƙarfin janyowa da ko haske ba ya kuɓuce masa, kuma wanda ke cibiyar Andiromeda ma ya fi namu nesa ba kusa ba: nauyinsa ya haura na rana sau miliyan 100, namu kuwa, Sajitariyus A*, sau miliyan 4 ne.

Nauyi

Wanda ya ga wannan rata zai zaci Andiromeda ta fi nauyi sau biyu ko uku, kuma haka aka daɗe ana koyarwa. Amma taurari ɗan ƙaramin kaso ne na nauyin galaksi. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford sun auna gudun iskar gas da ke zagaya Andiromeda, suka tarar na can bakin faifai ba ya rage gudu yadda ya kamata in da taurarin da ake gani ne kaɗai ke janyo shi. Akwai wani ɓoyayyen abu da ba ya fitar da haske, wanda ya lulluɓe kowane galaksi har nesa da bakin faifansa, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Auna wannan lulluɓi sai ta hanyar bin motsin abubuwan da ke yawo a cikinsa, kamar dunƙulallun tarin taurari da ƙananan galaksi 'yan rakiya. Sakamakon ya sha bamban daga bincike zuwa bincike. Wani da Prajwal Kafle ya jagoranta a Ostareliya a 2018 ya sa nauyin Andiromeda a kan na rana sau biliyan 800. Wani na 2019, wanda ya haɗa bayanan Hubble da na Gaia, ya ba Hanyar Madara sau tiriliyan 1.5. Akwai kuma waɗanda suka juya lissafin suka fifita Andiromeda. Abin da za a iya riƙewa shi ne dukansu biyu suna wajen tiriliyan 1, kunnen doki ko kusa da haka.

Tirayangulum

Auta ba ta cikin wannan takara, nauyinta wajen na rana sau biliyan 50 ne. Tana da nisan shekarun haske kusan miliyan 2.7 zuwa 3 daga gare mu, ta kuma fi kusa da Andiromeda, har ana ganin mai yiwuwa 'yar rakiyarta ce. Giovanni Battista Hodierna na Sisili ake jin ya fara ganinta kafin 1654. Hannuwanta a sake suke, ba ta da tozon kirki a tsakiya, ba a kuma sami wani ƙaton baƙin rami a cibiyarta ba. Abin alfaharinta shi ne haihuwar taurari: yankinta mai lamba NGC 604, inda sababbin taurari ke ƙyanƙyashewa, faɗinsa ya kai shekarun haske 1,500, alhali hazon Oriyon da ke Hanyar Madara bai wuce 25 ba.

Su ukun a tsakar gida

A ɗauki faifai mai faɗin santimita 30 a matsayin Hanyar Madara, a kan lissafin shekarun haske 100,000. Kaurin siririn faifanta zai zama milimita 3 kacal. Andiromeda za ta zama tire mai santimita 46, a ajiye ta mita 7 da rabi daga faifan. Tirayangulum murfin kwano ce mai santimita 18, mita 2 da ɗoriya daga tiren. Duka sun shiga tsakar gida ɗaya. Taurari ba haka suke ba: in rana ƙwayar gero ce mai milimita 2, tauraro mafi kusa da ita yana can kusan kilomita 60. In aka kwatanta da girman jikinsu, galaksi a cunkushe suke, shi ya sa suke karo da juna, taurarin cikinsu kuwa su wuce ba tare da sun gogi juna ba.

Andiromeda tana tunkaro Hanyar Madara da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa. Lissafin 2012 ya nuna za su haɗu nan da shekara biliyan 4. Wani na 2025, wanda Till Sawala na Jami'ar Helsinki ya jagoranta, ya sa janyowar Tirayangulum da ta Babban Gajimaren Majelan, wani ƙaramin galaksi ɗan rakiyar Hanyar Madara, a ciki, ya ce yiwuwar haɗuwar cikin shekara biliyan 10 masu zuwa rabi da rabi ce.

Ganinsu da ido

Daga ƙasar Hausa ana iya ganin Andiromeda ba tare da na'ura ba. A watan Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare, takan kai ƙololuwarta ta ɓangaren arewa, kimanin digiri 60 sama da doron ƙasa ga wanda ke Kano. Sai an fita daga hasken gari, a daren da babu wata, kuma kafin hazon hunturu ya yi kauri. Abin da ido ke kamawa ɗan tabo ne fari-fari mai siffar ƙwai, wato tozon tsakiya kaɗai. A hoto, tsawon faifan ya haura digiri 3, daidai da a jera cikakken wata guda 6 gefe da gefe. Tirayangulum ta ninka faɗin wata sau biyu, amma haskenta a baje yake, don haka yawancin mutane sai da tabarau mai jawo nesa suke samunta.