Mujallun Ilimi na Intanet a Ɗakunan Karatun Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta mujallar ilimi da sauran rubuce-rubucen da ke intanet?

Tantancewa ce ta bambanta su. Kafin maƙala ta fito, edita yakan tura ta ga masana fannin biyu ko uku, waɗanda galibi marubucin bai san ko su waye ba, su yi mata gyara ko su ce a ajiye ta.

Yaya manazarci yake amfani da su?

Da wuya a yau ka ga wanda ke karanta mujalla daga bango zuwa bango kamar yadda malamanmu suka yi da ta takarda; maƙala ɗaya ake farauta. A ɗauki ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Bayero da ke nazarin zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu. Za ta rubuta kalmomi uku ko huɗu a shafin neman maƙalu irin su Google Scholar ko PubMed, ta karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke saman kowace maƙala, sannan ta sauke waɗanda suka shafi aikinta. Gwanintar tana bayan nan: takan duba manazartar da ke ƙarshen maƙalar domin ganin magabata, ta kuma bi sawun waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. Idan tana da tsari, za ta adana lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda kullum take farawa da 10, domin da ita ake sake gano maƙala ko da adireshin shafin ya canza. Wanda ya yi sakaci da wannan lamba shi ne yake rasa barci idan lokacin haɗa kundi ya zo.

Me ya sa maƙala take neman kuɗi a gida, amma ta buɗe a laburare?

Saboda laburaren ya biya kuɗin rajista, kuma shafin mawallafin yana gane kwamfutocin da ke kan intanet ɗin jami'ar. Ɗalibi da ke Gwammaja yana amfani da datarsa zai ga an nemi dala 30 ko fiye, sai ya haƙura, alhali da ya je sashen intanet na laburare ya tambayi ma'aikaci, mai yiwuwa a ba shi lambar shiga.

Akwai waɗanda ake samu kyauta?

Akwai su da yawa. Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara a 2002, da AGORA na fannin noma, wanda ya biyo baya a 2003, suna buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Shafin AJOL (African Journals Online) kuwa ya tattara mujallun Afirka, har da na Jami'ar Bayero, kuma mai nazarin gero ko gyaɗar arewa zai iya samun abin da yake nema a can.

Ta yaya ake gane mujallar bogi?

Takan yi alƙawarin buga maƙala cikin kwanaki kaɗan muddin an biya, kuma ita ce take aiko da saƙon imel tana roƙo. Tantancewa ta gaskiya takan ɗauki makonni ko watanni. Kafin a tura aiki, a duba ko sunan mujallar yana cikin DOAJ ko Scopus, wato shafukan da ke jera mujallun da aka amince da ingancinsu, a kuma nuna wa mai duba kundin.