Daga Ina Masana Tarihi Ke Samo Labarin Da?

Me ya raba tarihi da labari?

Hujja. Idan ka ce Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, malamin tarihi zai tambaye ka: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, yana wurin ko ji ya yi? Abin da ka kafa hujja da shi ake kira madogara. Wanda ya taɓa zama gaban malamin Hadisi ba zai ga baƙon abu ba, don can ma sai an bi isnadi kafin a karɓi magana.

Mece ce madogara ta farko, mece ce ta biyu?

Ta farko ita ce wadda ta fito daga zamanin da abin ya faru: wasiƙa, takardar kotun alƙali, tsabar kuɗi, hoto, ko bakin ganau. Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, madogara ce ta farko a kan jihadi, domin da shi aka gwabza yaƙe-yaƙen. Ta biyu aikin wanda ya zo daga baya ne, ya tattara ya yi sharhi, irin littafin da kuke karantawa a aji.

Sai dai littafi ɗaya kan iya zama duka biyun, kuma nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, a kan sarakunan zamanin marubucin kusan ganau ne. A kan Bagauda ko Muhammadu Rumfa kuwa jiyau ne, ɗaruruwan shekaru ke tsakaninsu. Hatta shekarar 999 da ake haddacewa ta hawan Bagauda, Baturen da ya fassara littafin a 1908, Palmer, shi ya lissafo ta baya-baya daga tsawon mulkin kowane sarki.

Tarihin baka abin dogaro ne?

Sosai, in an san yadda za a riƙe shi. Kirari, waƙoƙin fada da hirar tsofaffi sun adana sunaye da dangantaka da babu su a takarda. Rauninsa shi ne shekaru kan cakuɗe, sannan maroƙi ba ya wasa ubangidansa da kashin da ya sha a fagen fama. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ba zai ba ka ranar da aka yi abu ba, amma zai nuna maka yadda ƙasashen Hausa suka ɗauki zumuncin da ke tsakaninsu.

To zamanin da ba rubutu, ba mai tunawa fa?

Sai a tambayi ƙasa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Ashe kwalekwale ne, gwajin kimiyya ya nuna ya kai shekara 8,000. Haka masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928. Irin waɗannan kayan ba su san son kai ba, amma ba za su gaya maka sunan wanda ya sassaƙa jirgin ba, balle yaren da yake yi.

Ke nan rubutacce ya fi kowanne inganci?

A'a. Mai alƙalami ma yana da ɓangare. Rahoton da jami'an mulkin mallaka suka aika Landan kan tawayen garin Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, waɗanda suka ƙone garin ne suka rubuta shi, suna neman wanke kansu. Bello ma daga ɓangaren da ya yi nasara yake magana, kodayake ya kyauta da ya saka wasiƙun Shehu Laminu na Borno, mai ja da su, cikin littafinsa. Don haka a ganina babu madogarar da za a sakar wa jiki ita kaɗai. A jera biyu ko uku, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Yaya ɗalibi zai gwada da kansa?

Mai hali ya leƙa Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna. Wanda bai samu zuwa ba, ya nemi dattawa biyu, kowa shi kaɗai, ya tambaye su yadda aka yi canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Ya rubuta abin da kowa ya ce, ya nemo tsohon sulai ko jaridar lokacin ya gwada da maganarsu.