Karen gadi da ƙishirwar bazara: ruwan da muke ba shi yana isarsa kuwa?

Wata ranar bazara aka kira ni wani ƙauye a wajen Gadarif, a nan Sudan, in duba awaki. Mun gama, ina wanke hannu, sai dattijon gidan ya ce, "Malam, tun da Allah ya kawo ka, leƙa mini karen nan. Kwana biyu ke nan ko haushi ba ya yi." Na same shi ɗaure a gindin darbejiya, inuwa ta riga ta koma gabas, igiyar kuma ba ta kai can ba. Harshe a waje, sai haki yake yi. Gefensa akwai tsohon kwanon ƙarfe da ɗan ruwa a ƙasansa. Na tsoma yatsa, na ji shi kamar yanzu aka sauke daga wuta, ga ƙudaje sun mutu a ciki. Na ce, "Baba, yaushe aka zuba masa wannan?" Ya ce jiya da safe yaro ya zuba.

Dattijon nan yana son karensa, shi ke tsare masa awaki daga ɓarayi da dila. A lissafinsa an ba kare ruwa. Abin da nake yawan tararwa ke nan a gidajenmu da gonakinmu: ruwan yana nan da suna, amma ya yi zafi, ko ya yi datti, ko karen ya kifar da kwanon tun hantsi babu wanda ya lura.

Mutum in zafi ya dame shi gumi yake yi. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ta sanyaya jiki ita ce haki, kuma kowane haki ruwa ne ke fita ta harshe da maƙogwaro. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗan fi na mutum. Idan ya haura 41, ƙoda da ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa. To ku duba watannin Afrilu da Mayu a nan, da rana kan wuce digiri 40 ko a inuwa.

Ƙa'idar da muke aiki da ita: kowane kilo ɗaya na nauyin kare yana buƙatar ruwa kamar mililita 50 zuwa 60 a yini. Karen gona mai kilo 20 zai sha lita ɗaya da ɗoriya a rana mai sauƙi. A bazara, ko in yana bin garke kiwo, ko karya ce mai shayarwa, buƙatar tana iya ninkawa. Na san ruwa ya yi tsada, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 gari ya cika da baƙi, kowace jarka daga mai karo, wato amalanken jaki, da kuɗi ake sauke ta. Amma lita biyu kashi ɗaya ne cikin goma na jarka mai lita 20.

Gyaran ba wuya. A nemi kasko mai nauyi, ko a haƙa ɗan rami a binne gindin kwano yadda ba zai kife ba. Kaskon ƙasa ya fi ƙarfe da roba, don yana riƙe sanyi kamar yadda randa ke yi mana. A ajiye shi inda inuwa take da azahar, domin inuwar safe ba ta jimawa. A zubar da tsohon ruwa a zuba sabo safe da yamma, a riƙa cuɗe kaskon don kada gansakuka ta kama shi. Kare yana da hanci, ruwa mai wari yakan ƙi shi har sai ya galabaita. In karnuka sun fi ɗaya a raba musu kasko, saboda babba yakan hana ƙarami kusantowa. Kuma don Allah kada a yanka jarkar maganin feshi a mayar da ita mazubin ruwa. Wanki ba ya fitar da gubar daga roba.

Wani karen ko ga ruwa ba ya sha sosai, musamman tsoho. Irin wannan ta abinci ake bi da shi. A jiƙa masa ragowar tuwo ko kisra da ruwa har ya yi ruwa-ruwa, ko a ɗiga ɗan romon ƙashi a kaskonsa, ƙamshin zai ja shi. Romon ya zama babu gishiri, babu albasa, babu tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Mai fita kiwo ko farauta da kare ya ɗauki gorar ruwa har da rabonsa, ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a hanya. Ruwan hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, in ya ja baya ya koma kore, a janye karen daga gare shi.

Yaya za ka gane ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa? Kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki. Ta lafiyayye nan take take komawa, ta mai ƙishirwa sai ta tsaya a tattare, kamar yadda ta karen dattijon nan ta yi. Dasashi yakan bushe ya yi danƙo, idanu su faɗa ciki, fitsari ya ragu ya yi duhu. A mayar da shi inuwa, a jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwa mai sanyi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan don kada ya kwankwaɗa ya amayar. In ba ya iya ɗaga kai kada a ɗura masa, ruwan zai bi ta huhu. Wannan sai asibitin dabbobi a yi masa ƙarin ruwa. Haka kwikwiyo mai amai da gudawa, yini ɗaya ya isa ya kashe shi. Wanda kuma yake sha ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, shi ma a kawo shi, yana iya zama ciwon ƙoda ko na suga.

Akwai inda nake so a yi hattara sosai. Karen da halinsa ya canja farat ɗaya, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan taimako, kuma a kori yara daga wurin. Yana iya zama haukan kare, wanda ta miyau yake kama mutum. Duk wanda karen ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura.

Wasu 'yan'uwa ƙyamar kare ce ke sa su yi nesa da shi har a manta da ruwansa. Addini ya yarda a ajiye kare don gona da kiwo da farauta, kuma mun ji hadisin da Abu Huraira ya ruwaito na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. A ware masa kaskonsa daban da kwanonin gida, shi ke nan.

Karen dattijon nan ya tashi. Mun kwance shi muka kai shi bayan rumbu, muka jiƙa shi, jikan gidan ya zauna yana zuba masa ruwa da ludayi kaɗan-kaɗan har la'asar. Kafin in tafi muka binne wani tsohon kasko a gindin bango, Baba ya ɗora wa yaron nan aikin cika shi bayan asuba da bayan la'asar.